Rashin Malam Ishaku Mai Cajin Batir na Kakuri

Da safiyar Talata, 11 ga Oktoba, 1988, a ƙarshen watan Safar, Allah ya karɓi ran Malam Ishaku Bakori, wanda direbobi da kanikawan Kakuri suka fi sani da Malam Ishaku Mai Batir. Jinyar wuni ɗaya da kwana ɗaya ya yi a asibiti. Ya rasu yana da shekara sittin da uku, aka yi masa sutura bayan azahar a Makera, unguwar da ya zauna da iyalinsa fiye da shekara talatin. Na Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Sunana Mamuda. Direban tasi ne ni, ina jigila tsakanin Kakuri da cikin gari. Ni ba malami ba ne, ban kuma saba rubuta irin wannan ba. Ɗan abin da na iya na alƙalami na koye shi ne lokacin da nake akawu a masaƙa. Amma Malam, yau kwananka tara a ƙasa, kuma duk lokacin da na biyo ta gaban rumfarka na gan ta a kulle sai gabana ya faɗi. Na ga idan ban zauna na faɗi abin da na sani game da kai ba, hankalina ba zai kwanta ba.

Na fara saninka a ƙarshen 1983, shekarar da aka rage ma'aikata a masaƙarmu, ni ma abin ya rutsa da ni. Da ɗan abin sallamar da aka ba ni na sayi tsohuwar Fijo na sa ta haya, alhali ban san komai a mota ba sai sitiyari. A mako na uku ta ƙi tashi da safe sai da turi, aka ce in kai batirin wurinka. Na same ka a kan benci kana goge kawunan wani batir da tsumma da ruwan kanwa, saboda farin garin nan da ke taruwa a kansu. Ka karɓi nawa, ka kwance murafansa shida ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa kowane rami. Ka ce ruwan ya yi ƙasa har farantan ciki sun fito fili, ka tambaye ni me nake ƙara masa. Na ce ruwan famfo. Sai ka ce, "Ba a ba shi na famfo, ba a ba shi na rijiya. Tataccen ruwan batir ake ba shi, kuma iyaka ya rufe farantan. Asid kuwa, kada ka yarda kowa ya ƙara maka."

Na nemi ka buga masa caji mai ƙarfi in dawo in ɗauka bayan awa ɗaya, kamar yadda na ji ana yi a wasu wurare. Ka ce sai gobe da azahar. Ka ce wutar da aka tura wa batir da ƙarfi dafa shi take yi, farantan su lanƙwashe, ya tada mota kwana biyu sannan ya mutu gaba ɗaya, ga shi a shekarun nan sabon batir ba kowa ke iya ganinsa ba. Sannu a hankali kake ba shi, kana taɓa jikinsa da bayan hannu, in ya yi ɗumi ka rage. Kuma ba ka barin caja a kunne idan ka tashi da yamma, sai da safe ka ci gaba. Na yi ta gunaguni don na ga wuni zai tafi ban yi aiki ba. Ka jawo wani batir naka daga ƙarƙashin benci, ka bi ni har inda na bar motar, ka ɗaura shi da hannunka, jar waya da farko, baƙa a ƙarshe, ka ce in je in nemo wa yara abinci. Ko sunana ba ka sani ba a ranar.

Rumfarka ba ta da wani kyau. Dirkoki ne da rufin kwano, sai alluna da kake jerawa ka kulle idan za ka tafi gida, ka kuma cire su duka kowace safiya har gefe uku su zama a buɗe. Ko ruwa ake tsugawa ba ka yarda a mayar da su muddin akwai batir a kan caji. Ka sha gaya mana cewa batir idan yana cin caji yana fitar da wata iska wadda ido ba ya gani, amma tartsatsi ɗaya ya ishe ta ta kama. A reluwe ka koyi wannan, inda ka yi shekara goma sha biyu kana kula da batiran fitilun taragai. A bakin rumfar akwai randuna biyu da kake cikawa da ruwa mai tsabta kafin ka taɓa kowane aiki, kuma ba na sha ba ne. Mun sha yi maka dariya a kansu. Taba kuwa, ina nan ranar da ka tare wani babban mutum da ya sauko daga mota da sigari a baki, ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya koma bakin titi ya ƙarasa abarsa tukuna. Ya yi fushi ya tafi da batirinsa, ba ka kuma bi shi da lallashi ba.

Bitrus mai walda, maƙwabcinka a wurin sana'a, ya ba ni labarin yadda kuka fara. Ya zo Kakuri daga Zonkwa da injinsa, ya kama fili a jikin rumfarka, ƙarƙashin mangwaron da kake shan inuwa. Ka ce masa walda da caji ba sa maƙwabtaka. Shi kuma ya ɗauka ƙyashi ne, ko don yana baƙo ne kuma addininku ba ɗaya ba, har ya yaɓa maka magana mai zafi. Ba ka kai ƙararsa wurin kowa ba. Washegari ya zo ya tarar ka tumɓuke dirkokinka ka matsa taku arba'in zuwa cikin rana, ka bar masa bishiyar. Ya ce bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shi ya ƙera maka ƙarafan da ke riƙe allunan rumfar, kuma tun daga nan 'ya'yansa Baba suke ce maka.

Abin da ya ɗaure ni da kai ya faru ne a watan Afrilu na 1984, lokacin da zafi ke hana mutum tsayuwa a rana. Batirina yana wurinka tun jiya, a ranar kuma ba ka da na aro. Sai na sami shata zuwa Zariya, mutanen suna jirana a tasha. Na zo rumfar da sauri na tarar ka tada sallar azahar a ɗan masallacin da ke bayanta. Na duba batirina na ga ruwansa yana ɗan tafasa, na ce a raina ai ya ƙoshi. Na ji ka faɗa ya fi sau goma cewa caja ake fara kashewa, a ɗan jira, sannan a cire baƙar waya, sannan ja. Na ji, amma a wannan lokacin Zariya kawai nake gani. Na sunkuya, fuskata daidai kan ramukan, na fizge mariƙin jar wayar caja tana kunne.

Mutane sun ce an ji ƙarar har bakin kasuwa. Ni ban ji ta ba. Abin da na sani shi ne wani abu ya mare ni a fuska, sai duhu, sai zafi kamar an cusa mini garwashi a idanu. Na faɗi ina ihu, hannuwana suna neman idanuna su murza. Ka katse sallarka a raka'a ta biyu. Abu na farko da na ji shi ne hannunka ya damƙe nawa biyu, ka kira Bitrus ya danne su. Ka ja ni bakin randa, ka kwantar da ni a gefe, ka buɗe fatar idona da yatsunka ka shiga kwarara ruwa. Jama'a suka taru kowa da nasa magani. Wani ya ce manja, wata ta ce nono, wani ma ya ce a zuba ruwan kanwar da kake wanke batir da shi. Na ji muryarka ba tare da ka ɗaga ta ba: "Ruwa kawai. Kowa ya kawo ruwa." Da randunan suka ƙare, matan da ke sayar da abinci suka yi ta zuwa da bokitai daga famfo. Ina kuka ina roƙonka ka bari haka nan, kana cewa, "Yi haƙuri Mamuda, da saura." Bitrus ya ce an fi rabin awa ana zuba ruwan kafin ka yarda a saka ni a mota zuwa asibiti.

Kwana goma sha ɗaya na yi da bandeji a idanu biyu. Ban taɓa sanin tsoro irin na kwanakin nan ba. Ina kwance ina jin takun mutane, ina tambayar kaina me makaho zai yi da tasi, wa zai riƙe mini mata da ƙananan yara uku, ni da aikin masaƙa ya riga ya kuɓuce mini. Duk lokacin da likita ya zo zagaye na tambaye shi ko zan gani, sai ya ce mu jira a kwance. Kai kuwa kullum bayan la'asar sai na ji sallamarka, ka taka keke tun daga Kakuri ka haye gada. Ka zauna a gefen gado ka ba ni labarin reluwe, da yadda Kakuri take kafin a gina masaƙu. Ina ta jira ka ce, ba na gaya maka ba? Har aka sallame ni ba ka faɗa ba, har ka bar duniya ba ka faɗa ba. Ranar da aka kwance bandejin, likita ya ce in gode wa wanda ya wanke mini ido tun a wurin, don da an tsaya neman mota tukuna da zancen ya sha bamban. Idona na dama ya dawo sarai. Na hagu yana gani dishi-dishi har yau, amma ya ishe ni tuƙi da rana.

Tun daga wannan rana ban sake taɓa batir ba. Ko buɗe gaban mota na yi na gan shi sai tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Ka gane haka ba tare da na faɗa maka ba. Shekara huɗu da rabi, duk lokacin da batirina ke bukatar dubawa kai kake fitowa ka kwance shi, kai kake mayarwa, ni kuwa ina tsaye can nesa kamar baƙo. Sauran direbobi suna tsokanata, kai ba ka taɓa sa baki ba.

Akwai kuma Sista Edith, ungozomar da ke da ɗan gidan haihuwa a Trikania. Ta taɓa zuwa ta yi maka kukan yadda ake ɗauke wuta tana tsakiyar karɓar haihuwa, sai a koma riƙe mata fitilar ƙwai. Ka je da kanka ka kafa mata ƙwan fitilar mota a bangon ɗakin, ka ja waya zuwa baranda inda iska ke bi, ka ware mata batir biyu. Kowace Litinin da Alhamis ka ɗaura cikakke a bayan keke ka kai mata, ka ɗauko ɗayan, don ka ce batir ba ya son a bar shi ya zuƙe ƙarƙaf kafin a mayar da shi caji. 'Yata ta ƙarshe a hasken wannan fitila aka haife ta. Ba ni kaɗai ba ne a Trikania da Kakuri zan iya faɗin haka.

Yanzu zan zo kan ranar da ba ta barin raina.

Ranar Litinin, 10 ga Oktoba, wajen ƙarfe goma na safe, na tsaya mu gaisa. Batir huɗu ne a kan bencinka suna cin caji, har da na Sista Edith. Muna cikin magana aka ɗauke wuta, ƙugin cajar ya tsaya. Ka yunƙura ka miƙe, ka yi taku biyu, sai na ga ka dafa dirka ka sulale ƙasa, bakinka ya karkace. Na kira Bitrus muka ɗauke ka zuwa motata. Ya ce in wuce da kai, shi zai rufe rumfar. Ya jera allunan duka ya sa kwaɗo, ya aika da makullin zuwa gidanka, ya tafi aikin ƙofa da yake da shi a Unguwar Sanusi. Bai ji ƙarar komai ba, don haka bai kawo a ransa cewa akwai abin da ke kunne ba. Ni ma ban tambayi kaina abin da ka miƙe za ka yi ba.

A asibiti aka ce hawan jini ne, ya shanye maka ɓarin dama. Mai ɗakinka, Malama A'isha, ta iso da 'yarku Rakiya, makullin rumfar ƙulle a bakin mayafinta. Muka wuni muna kallon ƙirjinka yana hawa yana sauka. Sai bayan la'asar ka buɗe ido. Ka yi ta motsa baki, kalma ɗaya tana fita ba a gane ta. Malama A'isha ta ɗauka ruwa kake nema. Na sunkuya na kara kunnena, sai na ji kana cewa, "Caja." Na ce ka kwantar da hankalinka, ai an ɗauke wuta tun muna tare. Ka ɗaga ido ka dubi fankar da ke juyawa a saman ɗakin, ka dawo da shi kaina. A nan na gane. Ka miƙe ne don ka kashe ta, ba ka kai ba. Idan wuta ta dawo Kakuri, to batir huɗu suna can suna cin caji tun rana a cikin rumfar da aka toshe ko'ina, ba mai taɓa jikinsu, ba mai ragewa.

Da ƙyar ka haɗa sauran maganar, kalma-kalma. "Kada ka taɓa makunnin ciki. Fis na waje. Buɗe alluna. Ka jira." Na ce bari in nemo Bitrus, shi ya fi ni sanin waɗannan abubuwa. Ka kama wuyan hannuna da hannunka na hagu, wanda ya rage maka, ka ce, "Ba lokaci. Kai."

Na karɓi makullin a hannun Malama A'isha, ban kuma san yadda na fito da motar daga asibitin ba. A kan gada motoci suka cushe, na zauna ina kallon ruwan kogi. Da na shigo Kakuri kuma na yi karo da tashin ma'aikatan masaƙa, kekuna da mutane sun cika titi, ba halin sauri. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na tuna da matar da ke suyar doya da yamma a ƙetaren lambatu. Kai ka roƙe ta tun da daɗewa ta riƙa kafa murhunta a can, amma duk ranar da ta ga rumfar a kulle takan matso jikin allunan saboda inuwa. A wannan lokaci kuma 'yan makaranta ke taruwa a wurinta.

Abin da na ji tsoro shi na tarar. Murhunta yana ci, bai fi taku uku daga allunan ba, yara biyar ko shida suna tsaye suna jiran doya. Na fito daga mota na ji ƙugin cajar ta cikin katako, ga wani wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Na kori yaran zuwa ƙetaren titi. Na ce wa matar ta kashe wutarta, ta dube ni ta ce mai ya riga ya yi zafi, in bari ta kwashe wannan kaskon. Na ce, "Baba Ishaku ne ya aiko ni daga gadon asibiti." Ta sauke kaskon, ta janye itatuwan can nesa ta kwara musu ruwa.

Na zagaya baya inda akwatin fis ɗin da ke ba rumfar wuta yake a jikin falwaya. Sau biyu ina miƙa hannu ina janyewa. Na yi bisimilla na zare shi, ƙugin ya tsaya. Na dawo na buɗe kwaɗon a hankali, na shiga cire allunan ɗaya bayan ɗaya, ina ɗaga kowanne sama don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Zafin da ya bugo ni daga ciki kamar na ɗakin gasa burodi. Na koma ƙetaren titi na tsaya tare da yaran, ina duba agogo, har minti goma sha biyar suka cika. Su ne mafi tsawo a rayuwata bayan kwanakin bandeji. Sannan na cire agogon na sa a aljihu don kada ƙarfensa ya taɓa kan batir, na shiga. Na kawar da fuskata gefe, na cire baƙaƙen wayoyi, na cire jajaye. Uku daga cikin batiran ɗumi kawai suka yi. Na huɗun, wani tsoho na babbar mota, ba ya taɓuwa don zafi, cikinsa ya kumbura, ruwansa ya tafaso ya jiƙa bencin. Ba ni da ilimin da zan auna iyakar haɗarin da ke wurin a wannan yammaci. Wataƙila da ba abin da zai faru. Na dai san da na fito na zauna a ƙasa a bakin lambatu, mai doya ta kawo mini ruwa a kofi.

Na koma asibiti gab da magariba. Na durƙusa a gefen gadonka na ce an kashe, an buɗe, ba wanda ya ji ciwo. Ka lumshe ido ka daɗe, har na zaci barci ya ɗauke ka. Sai ka ce, "Na Sista?" Na ce yana nan lafiya, ya cika. Ka ce, "Litinin ce." Na gane abin da kake nufi. Na koma Kakuri na ɗauki batirin da hannuna na sa a mota, na kai Trikania na ɗaura mata shi a baranda. Wannan ce maganarmu ta ƙarshe. Da safe na taho da kunu a fulas, na haɗu da ɗanka Haladu a bakin ƙofar asibiti, ya iso daga Funtuwa inda yake koyarwa. Ban tambaye shi komai ba, fuskarsa ta gaya mini.

Malam, ba zan ɓoye maka ba, tun da ka tafi a tsorace nake. Ranar Alhamis ni da Bitrus muka ɗauki batirin Sista Edith muka kai wani wurin caji da aka kwatanta mana. Shago ne mai ƙofa ɗaya ba taga, batira jere a ƙasa, mai shagon da sigari a hannu. A gabanmu ya ɗauki sifana ya haɗa kawunan wani batir don ya ga ko zai yi tartsatsi, wai haka yake gane ya cika. Na yi masa magana, ya yi dariya ya ce shekara bakwai yana haka ba abin da ya same shi. Muka ajiye namu muka fito muka tsaya a bakin titi, don ba mu da wani wurin da za mu kai. Ina ta tunanin direbobi nawa ne za su sunkuya a kan batir a cikin wannan shago. Abin da ka sani ba a rubuce yake ba. Haladu yana da aikinsa, ba zai gaji rumfar ba. Mu da muka zauna kusa da kai shekaru, kowa ɗan guntu ya riƙe, kuma ina tsoron guntayen ba za su haɗu su kai rabin abin da ka tafi da shi ba. Bitrus ya ce mu nemi mutum mai natsuwa mu damƙa masa cajar, mu gaya masa abin da muka gani kana yi. Har yau ba mu samu ba, gobe kuma Alhamis ce.

Ranar jana'izarka tasi-tasi suka jeru tun daga bakin titin Makera har ƙofar gidanka, ba wanda ya ɗauki fasinja sai da aka dawo daga maƙabarta. Bitrus ya rufe wurin waldarsa kwana uku, ya zauna a kan tabarma yana karɓar gaisuwa tare da 'yan'uwanka, ba wanda ya ga baƙon abu a ciki. Sista Edith ta zo da mata fiye da goma, kowace da goyo ko yaro a hannu, suka shiga wurin Malama A'isha.

Ranar sadakar bakwai na shiga gaishe ta, na same ta da tulin rigunanka a gabanta. Ta ce tana so ta fitar da su sadaka, amma ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ba ta sami wadda ba ta da ƙananan huji a gaba da hannuwa ba, inda ɗigon asid ya ci, sai babbar rigarka ta Juma'a kaɗai. Ta ce kunya take ji ta ba mutane tufafi masu huji. Na roƙe ta ta ba ni ɗaya. Kafin la'asar labari ya kai tasha, direbobi suka yi ta zuwa suna sallama, har ba ta rage ko ɗaya ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama A'isha, da Haladu, da Rakiya da ƙannenta, da 'yan'uwa na Bakori, da Bitrus da iyalinsa, da duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wannan rumfa. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, ya tsare abin da ya bari, ya zama gatanku.

Kai kuma Malam Ishaku, Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sauƙaƙa maka tambaya. Ka rayu kana fargabar kada wani ya cutu ta dalilinka, har a kan gadon mutuwarka. Allah ya amintar da kai daga dukkan fargaba ranar da kowa zai ji tsoro, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Mu da muka rage, Allah ya tsare mu daga gaggawarmu, ya sa mu cika da imani. Amin.